Shuɗin bulo a Super Mario World: me ya sa yake ƙin ɗaukuwa, kuma yake ɓacewa a hannu?

Sani_Gem:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata a kan shuɗin bulon nan ne na Super Mario World, wanda ake cirewa a jefa, shi ne gem ɗin ke kira Grab Block. A ɗakin Big Boo, babban fatalwan da ake yaƙa a matakin Donut Secret House, babu makami sai shi, kuma abu huɗu ne suka tsaya mini. Wani lokaci Mario na tsaye a kan bulon, maɓallin Y na danne, amma ya ƙi ɗauka. In ya ɗauka kuma, kafin Big Boo ya bayyana sai bulon ya ɓace a hannu. In an so jefa shi sama sai ya sulale ta ƙasa ya tafi abinsa. Sannan akwai lokacin da yake tashi daidai, ya ratsa jikin Big Boo ya wuce ba tare da ya ji komai ba. A waya nake bugawa, da maɓallan da ke kan allo. Haka ƙa'idar bulon take, ko saitin manhajata ne?

Baban_Yoshi:

Wa alaikumus salam Malam Sani. Uku daga cikin huɗun ƙa'idar gem ce, ɗaya kuma wayar na da hannu a ciki. Bari in ɗauki ɗauka da jifa, masu zuwa su ƙarasa.

Ƙin ɗaukuwar nan shi ya fi rikita mutane, domin ƙoƙon kunkuru ya saba musu da wata hanya. Ƙoƙo, in kana riƙe da Y ka nufe shi, da ka taɓa shi Mario ya ɗauka. Shuɗin bulo da ke cikin dabe ko bango ba haka yake ba. Shi sabon danni yake so: a daidai lokacin da Mario ke taɓa shi a danna Y. In ka taho a guje da Y a danne tun daga nesa, ko ka kwana a kansa ba zai ciru ba. Saki, ka sake dannawa, ka riƙe.

Akwai dabara ga mai son ya ɗauka a guje. A hannun SNES, na'urar Nintendo da gem ɗin ya fito a kanta, Y da X aiki ɗaya suke yi. Riƙe Y don gudu, in ka iso kan bulon ka taɓa X sau ɗaya. Gem ɗin zai karɓi X a matsayin sabon danni ya cire bulon, Y ɗin da ke riƙe kuma ya hana shi faɗuwa daga hannu. Amma ka kula, muddin ɗaya daga cikin biyun na danne, bulon ba zai bar hannu ba. Sai an saki duka.

Ta wuri biyu ake cire shi. Ko kana tsaye a kansa, ko kana gefensa kana tura Mario wajensa. Bugun sa da ka daga ƙasa ba ya yin komai, tsallen juyi na A ma ba ya fasa shi, duk da kamar da yake yi da rawayen bulo mai juyawa. Haka nan ba ya ciruwa in Mario na riƙe da wani abu, ko yana kan Yoshi, dabbar da yake hawa.

Jifa kuwa, abin da ke danne a maɓallan alƙibla a lokacin da ka saki Y shi ke yanke hukunci:

In hagu ko dama ke danne, Mario zai shure shi ya tafi a ƙasa kamar ƙoƙo, yana kashe abin da ya tarar. Bambancinsu, ƙoƙo na bugun bango ya dawo, shi kuwa da ya bugi bango ya farfashe.

In sama ke danne, zai tashi sama.

In ƙasa ke danne, ko babu komai, Mario zai ajiye shi a gabansa a hankali, kuma ana iya sake ɗauka kafin lokacinsa ya cika. A wannan halin ya riga ya zama kamar ƙoƙo, riƙe Y kawai ya isa.

To matsalarka ta uku daga jeri take. Sama ake fara dannawa, a ga Mario ya ɗaga kai, sannan a saki Y, sannan a saki saman. Da yawa suna sakin biyun tare, sai saman ya riga Y barin hannu da ƙiftawar ido, in kuma hagu ko dama na danne, gem ɗin ya ɗauka shuri ake nufi.

Abu biyu game da jifan sama. Na farko, bulon a gaban Mario yake, ba a tsakar kansa ba, don haka ta ɓangaren da yake fuskanta yake tashi. Na biyu, yana ɗaukar rabin gudun da Mario ke yi a lokacin. In kana tsaye cak, zai miƙe. In kana gudu, zai karkata gaba. Mai koyo ya tsaya kafin ya jefa.

Hauwa_16bit:

Baban Yoshi ya gama da hannu. Ni kan ɓacewar da ratsawar zan yi magana, don su biyun tushensu ɗaya: cire bulo kafin lokaci.

Bulon na nan har abada muddin yana cikin dabe. Da zarar an cire shi sai ya fara canza launi, agogonsa kuma ya fara tafiya, kimanin daƙiƙa 8. Riƙe shi a hannu ba ya tsayar da agogon. Shi kuwa Big Boo zagaye yake yi: ya bayyana a hankali, ya ɗan yi shawagi, ya dusashe, ya koma wani wurin. In ka cire bulo yana cikin dusashewa, rabin lokacinka zai tafi a jira, ragowar kuma a neman tsayawa ƙarƙashinsa. Shi ya sa yake ƙare maka a hannu.

Ratsawar kuma, Big Boo ba ya jin bugu sai ya bayyana sosai. Yana hazo-hazo, ko yana fitowa ko yana komawa, bulo wucewa zai yi. Kuma dole jefa shi za a yi. Ka yi tsalle da bulo a hannu ka shiga jikinsa, ba a lissafa wannan.

Ga yadda ya fi sauƙi. Ka tsaya wajen tsakiyar ɗakin hannu wofi. Da ka ga inuwarsa ta fara fitowa, ka san inda zai kasance, sai ka nufi ƙarƙashinsa. Can za ka cire bulo, ba a inda ka baro ba, tunda daben duk bulo ne. Lokacin da ka ɗauka ka ɗaga kai, shi ma ya gama bayyana. Saki. Bulon zai fashe a jikinsa, za ka ga ya ji. Sau 3 ake yi, ya faɗi, hanyar Star World, wani ɓoyayyen yanki na gem ɗin, ta buɗe.

Jifa daga ƙasa na kai wa tsayin bulo 7 zuwa 8, wato rabin allo da ɗan ɗori. In Big Boo ya yi can sama, yi tsalle da B, ka saki a ƙololuwar tsallen. In ya sauko ƙasa-ƙasa kuma, shurin gefe ma na samun sa. Jikinsa babba ne, ba sai ka saita tsakiya ba.

Abin da ke cinye rai a ɗakin nan ba babban ba ne. Ƙananan fatalwowi biyu ne da ramin da mutum ke haƙa wa kansa. Ƙananan, ƙa'idarsu sananniya ce: ka fuskance su su rufe ido su tsaya, ka juya baya su biyo ka. Matsalar ita ce hankalinka na sama, su kuma suna matsowa ta baya. Ka yi ƙoƙari su biyun su kasance a ɓangare ɗaya, ta yadda duba ɗaya zai tsayar da su. In sun raba ka a tsakiya, fita daga tsakaninsu ya fi jifa muhimmanci. Tsallen juyi na dira a kansu ba rauni, amma fa ba ya yiwuwa da bulo a hannu: in ka danna A kana riƙe da kaya, tsalle na yau da kullum Mario zai yi, ya faɗa musu. Wannan na kashe mutane sosai, musamman waɗanda suka saba tsira da A.

Daben kuma, kowane bulo da ka cire, abin takawa ka rage. Kada ka cire biyu a jere daga wuri ɗaya. Cire, jefa, matsa gefe. In ka tsaya a kan haɗin bulo biyu kafin ka danna, sau da yawa ɗaya zai ciru ɗayan ya riƙe ka. Ga wanda ke jira har Big Boo ya bayyana, bulo 4 ko 5 sun isa a gama faɗan, ɓarnar dabe ba ta kai ko'ina ba. Mai jifa ba ƙaƙƙautawa shi ke huda ƙasa.

Yoshi dai ba ya shiga gidan fatalwa, don haka ka shigo da naman kaza ko gashin tsuntsu a akwatin ajiya na saman allo. Select ke sauko da shi.

Injiniya_Bello:

Zancen Hajiya Hauwa daidai ne. Sai dai ina ganin an rage wa wayar laifi. A ganina rabin wahalar Malam Sani daga allon taɓawa take, kuma gyaranta ba wuya.

Duba abin da jifan sama ke buƙata: babban yatsan dama a kan Y, na hagu a kan sama, kuma in tsalle za a yi, B ma a lokaci guda da Y. A hannun gem na gaske, Y na hagu, B na ƙasa, yatsa ɗaya ke kwanciya a kansu biyu, kan yatsa a Y, gindinsa a B. A gilashin waya babu tudun da yatsa zai ji, da ya ɗan zame Y ya saku, bulon ya tafi. Mutum zai rantse bai saki ba.

Ga abubuwan dubawa a saitin manhajar. Ka tabbata ba a kunna danni mai maimaita kansa a kan Y ba, wanda manhajoji ke kira turbo. In yana kunne, gem ɗin na ganin ana dannawa ana saki sau da yawa a daƙiƙa, sai Mario ya cire bulo ya yar da shi nan take, ya sake cire wani. A ɗakin Big Boo wannan haƙa kabari ne. Sannan ka ƙara girman maɓallan, ka matso da Y kusa da B har yatsa ɗaya ya iya rufe su. In manhajar na da zaɓi tsakanin maɓallan alƙibla da sandar nan mai zagaye, ɗauki maɓallan, domin sandar na yawan karanta sama a matsayin sama da dama, Mario ya fara tafiya, jifan ya karkace.

Wanda ya haɗa hannun gem na waje kuma ya lura da haruffa. A hannun Xbox, inda SNES ke da B an rubuta A, inda take da Y an rubuta X. Ka bi wuri, kada ka bi harafi: na hagu shi ne gudu da ɗauka, na ƙasa shi ne tsalle. A kwamfuta da allon rubutu kuwa, wasu masu araha ba sa karɓar wasu haɗin maɓallai uku a lokaci ɗaya. In sama da Y da B suka ƙi shiga tare, sauya haruffan da ka ba su.

Mai buga na Game Boy Advance, wato Super Mario Advance 2, B ne ɗauka da gudu, A tsalle, R tsallen juyi. Dabarar riƙe Y a taɓa X ba ta nan, tunda maɓallin gudu ɗaya ne. A Nintendo Switch kuma, inda aka saka gem ɗin cikin na SNES tun 2019, riƙe ZL da ZR na mayar da wasa baya, kuma babu abin da ya fi shi amfani wajen koyon lokacin da Big Boo ke jin bugu.

Sani_Gem:

Allah ya saka da alheri. Turbo ɗin ne a kunne kuwa, kuma jira kafin a cire bulo ya warware saura. Star World ta buɗe. Sai dai ga bulon nan kuma a Star World 3, dabe guda, ga Lakitu a gajimare yana zubo masu ƙaya. Ƙa'idar ɗaya ce a can?

Hauwa_16bit:

Ɗaya ce, aikin ne ya bambanta. Matakin gajere ne ƙwarai, mafitar fili na nan kusa, amma ita ba ta kai ka gaba. A Star World sai da mabuɗi hanya ke ci gaba, kuma mabuɗin da ƙofarsa suna can sama. Gajimaren Lakitu ne abin hawa.

Jefa masa bulo daga ƙasa. In abin jifa ne ya kashe shi, gajimaren zai tsaya ka hau. In ka tattake shi, gajimaren watsewa yake. Lakitu ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar Big Boo, kai da kawowa yake a saman Mario, don haka ka tsaya cak ka bar shi ya zo, ka saki bulon yana dab da isowa, ba bayan ya iso ba. Bulon na ɗaukar lokaci kafin ya kai. In ya kuskure ya faɗo, ka sake ɗaukar sa in bai ɓace ba, ya fi ka cire sabo. Gajimaren ma na da wa'adi, da ka hau ka danna sama kawai, kada ka tsaya yawo.

Akwai ƙaramin Yoshi rawaya a matakin. Abu 5 yake ci ya girma, kuma bulon da aka riga aka cire na cikin abin da yake haɗiyewa. Cire, ajiye a gabansa da ƙasa, maimaita. Sai dai ka tuna maganar Baban Yoshi: da ka hau Yoshi, cire bulo ya ƙare. Ka gama da Lakitu tukuna, ko ka sauka.

Wani amfanin da ba kowa ya lura da shi ba, a cikin ruwa yake. Mario in yana riƙe da kaya a ruwa, iyonsa na sauri fiye da na hannu wofi. A Forest of Illusion 2 akwai waɗannan bulo, kuma masu tseren gama gem na ɗaukar su don wannan kawai, ba don jifa ba. Daƙiƙa 8 ɗin nan dai na nan, sai ka shirya wa lokacin da zai ɓace gudunka ya ragu.

Mai_Gyaran_Mataki:

Ga ƙarin bayani daga cikin gem ɗin, ga mai son sanin dalili, ko mai gina matakansa da Lunar Magic, manhajar gyaran matakan gem ɗin.

Bulon nan abu biyu ne a wurin na'ura. Yana cikin dabe, yanki ne na ginin mataki, lambarsa 12E, ba ya motsi, ba shi da agogo. Da aka danna Y, gem ɗin na goge yankin ya bar fili, ya haifar da wani abu mai motsi a gurbinsa, mai lamba 53, daga jinsin ƙoƙo da maƙiya. Shi ya sa ɗaukar farko ke son sabon danni, ta biyu kuwa riƙewa ta isa: dokoki biyu ne daban suke aiki.

Daga nan wata matsala ke fitowa. Gem ɗin na da gurabe 12 kacal na abubuwa masu motsi, kuma a yawancin matakai ba duka ake bari a buɗe ba. In sun cika, bulon ba zai ciru ba ko an danna daidai, don babu inda za a saka shi. A ɗakin Big Boo wannan ba ya faruwa, abubuwan ba su da yawa. A Star World 3 kuwa, in ka bar Lakitu ya cika allo da masu ƙaya, kana iya cin karo da shi. Mai gina mataki ya kiyaye: kada ka sa wurin da wucewarsa ta dogara da bulo, sannan ka cika shi da maƙiya.

Agogon kuma lamba ce da ke farawa daga 255. Tana sauka ɗaya a kowane firam, wato kowane hoto ɗaya da allo ke nunawa, amma ga abin da ke hannu ko yake ajiye, gem ɗin na mayar mata da ɗaya a kowane firam biyu. Sai ya zama firam 510 ke nan kusan, a kan firam 60 a daƙiƙa, daƙiƙa 8 da rabi. Duk ƙofar da za ka sa a kai mata bulo, auna nisanta da wannan, ka rage daƙiƙa biyu don mai wasa ya samu sarari. Kuma tunda bulon da aka cire ba ya dawowa sai an fita an sake shiga, ka ba da fiye da abin da ake buƙata. Bulo ɗaya tak a wurin da kuskure ɗaya ke rufe hanya, mugun gini ne.

Baban_Yoshi:

Tunda an kai nan, wanda ya taso daga na NES, na'urar da ta gabaci SNES, ya lura kada ya haɗa su, domin hannu na ɗauko tsohon sabo.

A Super Mario Bros. 3, wanda ya fito a Japan a 1988, akwai farin bulo mai kama da ƙanƙara. Da B ake cire shi, shi ma yana walƙiya ya ɓace in an daɗe, yana kuma fashewa a bango. Shi ne magabacin na Super Mario World, wanda ya biyo baya a 1990. Amma a can babu jifan sama sam, shuri ne kawai. Kuma a can maƙiyi ma na amfani da shi: Buster Beetle na ɗaga shi ya jefo maka, kamar a World 6-5. Jifan sama da ajiyewa su suka mayar da bulon kayan aiki na gaske, don da su ne aka iya gina faɗa irin na Big Boo, inda bos ke sama ba a iya tattake shi.

Na Super Mario Bros. 2 na Amurka kuwa wani abu ne daban. Bulon naman kaza na can ba shi da agogo, ba ya fashewa, sai ka hau kansa kake cirewa, kuma ana jera shi wani kan wani a yi matakala ko katanga. Da shi ake bugun bos-bos irin su Tryclyde da Fryguy. Wanda ya saba da wannan shi ne ke cire shuɗin bulo ya riƙe yana jiran dama, har ya ɓace masa.

Malam Sani, in hanyar gajeriya kake bi, mabuɗin Star World 3 zai kai ka Star World 4, mabuɗin can kuma ya buɗe tauraron da ke sauke ka a ƙofar gaba ta gidan Bowser, bos na ƙarshe, da mafita 11 cikin 96. Jifan saman da ka koya kada ka sake shi, don faɗan Bowser kansa da shi ake yi: Mechakoopa, ƙananan mutum-mutumin da yake jefowa, ake tattakewa a ɗauka a jefa sama ya faɗo masa a ka. Jeri ɗaya ne, sama tukuna, sannan a saki Y.